Sunan da Ya Zube Tsakanin Bronx da Queens

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Mount Hope ta Bronx ya san Souley, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, mutumin Maraɗi. In ya biyo titin Grand Concourse sai ka rantse an ce masa gidansa ya kama da wuta. Gaisuwa ma a tafe yake yin ta, kafin ka ce "lafiya lau" ya sha kwana. Allah ya yi shi da hanzari, ya kuma yi shi da ƙin maimaici. Magana in ya faɗa sau ɗaya ya faɗa ke nan, in ya rubuta ya rubuta. Ka kuskura ka ce masa "ɗan sake dubawa mana," yanzu fuskar za ta haɗe kamar ka taɓa iyayensa.

A 1991 ya shigo New York da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan garinsu. Tebur ya fara kafawa a 125th Street, agogo da tabarau, in hadari ya haɗo ya fito da laima. Da aka tashi masu tebur daga titin ya koma tuƙin tasi, ya yi ta fama har bayansa ya ce ya gaji. Daga nan ya kama ɗan shago a ƙasan wani tsohon bene: katin waya, hoton fasfo, cike takardu, da kuma faks. Kada ka yi dariya. Ƙasa ce da ta kai mutum duniyar wata, amma asibiti da makaranta da ofishin gidaje, in ba ta faks ka turo ba, ba su san da zamanka ba. Don haka shagon bai taɓa rasa mutane ba.

Matarsa Aïchatou kitso take yi a Harlem, tun safe har hannu ya sage. 'Yarsu ɗaya tal, Firdaoussi. Tana shekara huɗu uwar Aïchatou ta kwanta ciwo a Maraɗi. Aïchatou ta tafi da niyyar wata biyu, matsalar takardu ta riƙe ta shekara biyar. Shekara biyar! Ga Souley a cikin tasi awa goma sha biyu, ga yarinya da ko takalminta ba ta iya ɗaurewa ba.

Maƙwabciyarsu ce ta ƙofar da ke kallon tasu ta ɗauke ta. Yaa sunanta, 'yar Kumasi, Ba'ashantiya ce da ta musulunta ta auri wani mutumin Zongo, unguwar Hausawan can, mai suna Inusah, ya rasu ya bar ta a nan tana aikin kula da tsofaffi. Ba dangin iya ba na baba, ba ƙasa ɗaya ba, Hausar ma a gidan miji ta koye ta. Ita ta yi wa yarinyar wanka, ita ta kai ta makaranta ranar farko, ita ta yi jinyarta lokacin ƙyanda, ita ta koya mata alwala. Firdaoussi "Mama" take ce wa Aïchatou, Yaa kuma "Maa". Souley, da duk rashin tsayuwarsa, in aka ambaci Anti Yaa sai ya tsaya cak ya ce, "Wagga mata, ko naman jikina na yanka na ba ta ban biya ta ba." Kuma har cikin ransa yake faɗa. In akwai abin da yake tsoro a duniya, to ranar da matar nan za ta ga ba su san darajarta ba.

To, a 2011 tsohuwar na'urar faks ɗin shagon ta mutu murus. Ya kira Alhassan, wani dattijo mai furfura, ɗan unguwar Nima ta ƙasar su Anti Yaa, da ke gyara wa rabin unguwar kwamfuta. Alhassan ya ce a daina wahala, a haɗa kwamfutar da modem, wato ɗan akwatin da ke karɓar hoton takarda ya tura ta layin waya da wannan kukan nasa mai kashe kunne. Ya zo da guda biyu ya ajiye a kan kantar shagon.

"Malam Souley, wannan yana da error correction," in ji shi. "Yanka takarda yake yi gutsi-gutsi. Ya tura gutsure, ya tambayi mashin na can, ya iso daidai? In an ce a'a, ya sake turawa. Wancan kuma ba ruwan shi, zubawa kawai yake yi."

Aka gwada. Ranar ana yayyafi. Mai tambayar ya yi ta nuƙu-nuƙu, ya tafi ya dawo, minti huɗu a kan shafi ɗaya, a gwaji na biyu ma ya ce sam bai iya ba. Aka jona ɗayan. Kafin Souley ya gama kurɓar shayi, allo ya nuna OK.

"Voilà!" Souley ya buga kanta. "Wanga shi ne ɗan halas. Wancan mai yawan tambaya, kai shi ofishin gwamnati, can ne gidansu."

"Layin building ɗin nan ya girme ni," in ji Alhassan. "In ruwa ya sauka, ɗauki waya ka ji, kamar ana suyar kifi. Abin da ƙarar ta taka ya tafi ke nan, kuma wannan ba zai gaya ma ka ba."

"Injiniya, ya ce OK ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To mi ya rage?"

Alhassan ya mayar da ɗayan cikin kwali. Kuma gaskiya, shekara huɗu Souley yana shan yabo. A sauran shaguna sai ka tsaya ƙafa ta yi tsami, a ƙarshe a ce maka layi ya ƙi. A wurinsa kuwa ko ana tsawa takarda sai ta tafi. Mata suka riƙa gaya wa juna cewa faks ɗin Souley ba ya dawowa. Shi kuma yana ta hura hanci, har cewa yake na'urar halinsa ta ɗauko.

A 2015 Firdaoussi ta gama karatun nas, ta kawo saurayinta Rashidu gida da kanta, aka sa ranar biki ƙarshen watan Afrilu. Wanda bai san bikin mutanenmu a Bronx ba zai ɗauka katin gayyata takarda ce mai gaya maka wuri da lokaci. Ina! Wuri da lokaci kowa ya riga ya ji a masallaci. Abin da ake karantawa sunaye ne: iyaye maza a jere, iyaye mata a jere, wa ke sama, wa ke ƙasa, wa aka saka, wa aka bari. Ana ajiye katin nan shekaru, ana aika shi gida a cikin akwati. Suna hamsin da biyu Souley ya rubuta da hannunsa. A jerin iyaye mata ya sa Aïchatou a farko, ya sa Yaa Inusah ta biyu, sama da yayun Aïchatou na ciki ɗaya. An yi ƙananan maganganu a kan haka, ya ce wanda bai ji daɗi ba ya je ya haifi tasa. Ita Yaa kuwa, ita ta zaɓi leshin ankon da kanta, shuɗi mai ruwan zinariya.

Ranar wata Alhamis, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya tura takardar ga wani tsoho mai ɗab'i a Queens da ya saba aika wa aiki. OK. Tsohon ya bugo waya ya ce ko a aiko da samfur a duba tukuna.

"Ni na rubuta, mi zan duba? Buga kawai."

Kati ɗari huɗu suka iso, masu bakin zinariya, suna ƙamshin sabuwar takarda. Souley ya ɗaga ɗaya ya ce ma sha Allahu, bai karanta ba, ai ya san abin da ke ciki. Aïchatou ba ta yi boko ba, ta shafa furannin ta yi murmushi. Firdaoussi ta duba sunanta da na Rashidu da adireshin zauren biki, ta ɗauki ɗaya da gudu ta tsallaka ta kai wa Maa. Yaa ta sa tabarau ta karanta a tsanake, daga sama har ƙasa. Ta sake komawa sama. Sannan ta ce, "Ya yi kyau," ta shiga kicin. Aka yi ta rabon kati da goro da alewa, daga Mount Hope har Harlem, kwana tara.

Ranar Lahadi da safe, saura kwana shida biki, Aïchatou ta buɗe ƙofa ta ga leda rataye a mariƙi. Ta leƙa. Leshin anko ne, yadi shida, a ninke yadda aka sayo shi, almakashi bai taɓa shi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Souley! Fito ka gani!"

Mayar da anko ba ƙaramar magana ba ce. Ko abokiyar gaba takan karɓa ta jefa ƙasan akwati ta yi shiru. Aïchatou ta yi ta dukan ƙofar Yaa har maƙwabta suka leƙo. Ba kowa, ta tafi aikin kwana wurin tsohuwar da take kula da ita, sai Laraba. Aka kira wayarta, tana shiga ba a ɗauka. Aïchatou ta zube a kujera tana tafa hannu tana tambayar me suka yi, wa ya kai gulma, wa ya shiga tsakani. Firdaoussi ce ta ɗauki kati a kan talabijin, ta ɗora yatsa tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Yatsan ya tsaya.

"Baba," in ji ta, "ina Maa? She's not here."

Souley ya fizge katin. Aïchatou Souley. Sai yayarta, Hadjara Mamane. Ya koma sama. Aïchatou, Hadjara. Ya juya bayan katin, kamar sunan zai zagaya can ya ɓuya. Ya zazzage kwalin da ya rage, ya ɗauki wani, ya ɗauki wani. Duk haka suke. Gumi ya karyo masa a cikin sanyin Afrilu, ya zauna a ƙasa daɓas. Kati kusan ɗari huɗu, a gidaje kusan ɗari huɗu, kowanne yana shaida cewa matar da ta raini 'yarsa ba ta cikin iyayenta.

"Wallahi na rubuta," yake ta faɗa. "Wallahi tallahi na rubuta!"

Ya sauka shago ya jawo aljihun tebur. Ga takardar, ga sunan nan ɓaro-ɓaro da hannunsa, layi na biyu. Nan take tsoro ya juye ya koma fushi. Litinin da sassafe yana cikin jirgin ƙasa zuwa Queens, yana ta shirya irin wankin babban bargon da zai yi wa tsohon nan.

Tsohon bai yi musu ba. Ya buɗe fayil ya zaro faks ɗin da ya iso masa, ya shimfiɗa kusa da ta Souley. Rubutu ɗaya, hannu ɗaya. Sai dai wadda ta iso ta fi gajarta da kamar faɗin yatsa. Tsakanin Aïchatou da Hadjara ba komai sai wani siririn zane baƙi, kamar silin gashi ya faɗa kan takarda. Sunan Yaa, da na mijinta marigayi, gaba ɗaya a cikin silin nan suka tafi.

"Ai takardunka sukan zo da irin wannan zanen," in ji tsohon. "Na ɗauka gilashin na'urarka ne ya yi datti." Ya zaro wasu tsofaffin ayyukan. Wannan zane ɗaya, wannan biyu, wannan har huɗu.

Souley ya bi zanukan da ido ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu! Takardun likita nawa, wasiƙun makaranta nawa, takardun neman gida nawa ya tura ana ruwa, ya miƙa wa masu su yana cewa ta tafi? Wace mata aka mayar daga asibiti aka ce takardarta ba ta cika ba, ta koma gida tana zargin kanta? Bai sani ba, kuma babu hanyar da zai sani. Daga bakin titi ya kira Alhassan, yana magana harshe na sarƙewa. Alhassan ya saurare shi har ƙarshe, tambaya ɗaya kawai ya yi.

"Ranar ana ruwa?"

"Ana yi."

"Ei, Malam Souley," in ji shi a hankali. "Allah shi kyauta."

To, a nan ne mai hankali zai koma gida ya zauna, ya jira Laraba, ya durƙusa gaban matar nan ya tambaye ta yadda take so a yi. Aïchatou ma abin da ta ce ke nan. Amma Souley ne fa. Kafin ta rufe baki ya sayi biro shuɗi guda shida ya fita. Tunaninsa shi ne, tunda kati ya riga ya shiga gidaje, sake bugawa ba zai goge na farko ba, gara ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da sunan inda yake.

Haka kuwa ya yi, kuma bai taɓa wahala irin ta kwanakin nan ba. Ya tsaya ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya bi shagunan kitso na 125th Street. Ya shiga kasuwar 116th rumfa-rumfa. Ya hau benaye masu hawa shida da lif ɗinsu ya mutu, da wannan bayan nasa. Ko'ina magana ɗaya: "Ina katinku? Kawo, sunan Anti Yaa ya fita, zan sa." Sai ka ga mace ta saki kitso ta dafe ƙirji. "Sunan wa? Yaa? La ilaha illallahu! Mu gani!" A taru a kan kati ana salati. Shi kuma ya duƙa ya cusa sunan tsakanin layi biyu na zinariya, ƙanana, a karkace, don wurin ba ya ɗaukar rubutu. Zuwa Laraba da azahar ya gyara ɗari biyu da goma sha uku. Yatsunsa sun kumbura, amma zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, gani yake ya yi abin da ɗan halas zai yi.

Da la'asar ya ji motsin makulli a ƙofar Yaa. Ya ba ta minti goma, wanda a wurinsa shekara ne, sannan ya yi sallama. Ta buɗe, da kayan aiki a jikinta, idanunta sun faɗa. Ya cire takalmi ya durƙusa a kan kafet, ya jera mata takardu uku a tebur: wadda ya rubuta, wadda ta isa Queens, da kati mai gyaran biro. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da modem ɗin da ya ƙi saya, har da gargaɗin Alhassan, bai ɓoye komai ba.

Yaa ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallon sunanta a rubutun hannunsa. Ta kai yatsa ta shafa siririn zanen nan na ɗaya takardar.

"Na yarda," ta ce. "Ka rubuta. Mashin ya ci."

"Alhamdu lillahi!" Souley ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka zube. "Kuma Anti, na bi gida-gida, ɗari biyu da sha uku, da hannuna..."

"Na sani."

Ta ciro wayarta daga jaka ta ajiye a kan katin. Kira arba'in da bakwai da ba a ɗauka ba, ban da saƙonnin murya.

"Tun shekaranjiya ba ta huta ba. Ina wanke tsohuwa waya na kuka, ina ba ta abinci waya na kuka. Sannu Yaa, ashe haka aka yi miki. Yi haƙuri Yaa, ɗan wani ba ya zama naka. Wasu da tausayi, wasu ina jin dariyar a cikin muryarsu." Ta cire tabaran ta riƙe. "Malam Souley, mutum ɗari huɗu sun karɓi katin nan, ba wanda ya lura. Ni kaɗai na sani. Na ce zan haɗiye, in mayar da zane, in ce aiki ya hana ni. Yanzu daga nan har Harlem, kowane gida akwai takarda mai nuna cewa da biro aka ƙara ni."

Souley ya dubi yatsunsa da suka kumbura. Wannan ko a mafarki bai zo masa ba. Kwana biyu da rabi yana hawan benaye, ashe tallan kunyarta yake yi ƙofa-ƙofa.

"Ba wannan ya fi ciwo ba," in ji ta, kuma yanzu hawaye ya zubo, ba ta share ba. "Mashin bai san ni ba. Bai san wa ya goya yarinyar nan zuwa asibiti cikin ƙanƙara ba. Amma kwana tara katin yana ɗakinku. Ku uku. Kuna ɗauka, kuna sawa a ambulan, kuna rabawa. Kullum ina sauraron ƙofa, ina cewa yau ɗayansu zai duba ya neme ni." Ta tattara takardun uku ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi, yadda ake miƙa wa baƙo. "Sai da na rataya zane a ƙofarku."

Ranar Asabar zaure ya cika, shuɗi da ruwan zinariya ko'ina. Yaa ta zo. Atamfa ta saka, ruwan ƙasa, ta zauna a teburin da ke kusa da ƙofa tare da abokan aikin ango. Da mai gabatarwa ya kira iyayen amarya mata su hau, ya kira sunanta har sau uku, zaure ya yi tsit, kawuna suka juya baya. Ta ɗaga hannu ta gaisar, ba ta motsa ba. Firdaoussi ta tattaro rigar amarcinta ta sauko, ta ratsa tebura tana kuka, ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta. Yaa ta gyara mata ɗaurin da ya goce, ta dafa kanta ta yi mata addu'a doguwa, da Hausa da Ashanti, sannan ta ɗago ta da hannunta ta juya ta wajen dandamali.

"Je ki, iyayenki suna jira," ta ce.

Souley yana tsaye a gaba cikin babbar riga, ya ji da kunnensa. Kujera ta biyu a jerin iyaye mata haka ta zauna ba kowa har aka tashi, ba wadda ta yarda ta hau, ba kuma wanda ya iya ɗauke ta.